Daɓen Direkta

Wani yaro a unguwarmu nan Magariya ya samu ƙwallo, kullum bayan la'asar sai ya zo gindin katangata yana buga ta a kan siminti. Matata ta gaji da shi, ni kuwa na hana a kore shi. Sai dai in na saurara, ƙarar ba ta yi mini daɗi yadda nake so. Siminti tsawa yake yi wa ƙwallo. Ƙarar da kunnena ya saba da ita mai taushi ce, kamar ana kirɓa dawo a gidan maƙwabta, domin ni a kan daɓe na fara jin ta.

Ina ajin kusa da na ƙarshe aka kawo mana sabon direkta, wato shugaban makaranta, a lakwal ɗin ƙauyenmu, makarantar bokon da ke can gabas da Bande. Ban taɓa ganin mutum mai tsawonsa ba. Ajinmu na zana ne, sai ya naɗe kansa biyu kafin ya shiga. Ya zo da akwati ɗaya da wata jar ƙwallo mai ƙuraje-ƙuraje a cikin raga. An ce lokacin da yake ɗalibi a Damagaram shi ne gwanin ƙwallon kwando, har Yamai ana zuwa da shi, kafin gwiwarsa ta hagu ta ci amanarsa ya koma riƙon alli. Ranar farko ya tara mu a fili zai nuna mana wasan. Ya saki ƙwallon a ƙasa, ta nutse cikin rairayi ta zauna daram kamar kabewa. Ka san ƙasarmu, yashi ne har idon sawu. Muka yi ta dariya, shi ma ya taya mu, amma na ga ransa bai so ba.

A shekarar nan ni ma ina da tawa damuwar. An sa ni lakwal a makare, ga shi na yi tsawo, gwiwoyina ba sa shiga ƙarƙashin tebur. Babana ya riga ya yanke cewa da an gama girbi zan bi kawuna ƙetaren iyaka in taya shi tsaron shago. Ba mugunta ba ce, haka ake yi wa duk yaron da ya kai ɗaukar buhu. Ni kuwa karatun ya fara shiga kaina ke nan, ina son in kai ga jarrabawar shiga kolej, amma wa ya isa ya faɗa? Direkta ya zo har gida ya roƙa. Babana ya shimfiɗa masa tabarma, ya sa aka dama fura, ya saurare shi tsaf, sannan ya kira shi yadda ake kiran malaman lakwal, ya ce, "Mushe, dube shi fa. Wannan ai ya wuce zama cikin yara."

Direkta bai yi musu ba. Da zai tafi sai ya ce bari ya gaida tsohuwa.

Kakata ita ce uwar daɓe a garinmu. In za a yi wa ɗaki daɓe, ita ke duba ƙasar, ita ke jiƙa makuba, wato ɓawon ɗorawa da ruwansa ke sa daɓe ya yi ja ya yi ƙarfi, kuma ita ke ba da waƙa. Ɗakinta kuwa ƙasansa sumul, ko tsinke ya faɗi sai ka ji. Ina biye da direkta na ga ya tsaya yana ƙwanƙwasa ƙasan da dunduniya. Washegari ya dawo da ƙwallonsa, ya yi sallama, ya sake ta a tsakar ɗakin. Ta yi tsalle ta dawo hannunsa. Kakata ta yi salati ta rungume kwanonin jerenta.

Da ya faɗi buƙatarsa, cewa daɓe yake so a filin lakwal, sai ta dube shi sama da ƙasa, kuma duban ya ɗauki lokaci. Ta ce ita tun da take ba ta taɓa jin an yi wa sarari daɓe ba. Ban da haka, daɓe gayya ce ta mata, wadda ta durƙusa a ɗakin wasu ita ake durƙusa wa a nata. Shi kuwa iyalinsa suna Damagaram, ba wanda ya taɓa ganin hannunsu.

"To wa zai riƙe madaɓin gidanka?" in ji ta.

Ya ce, "Ni, Inna."

Ta yi dariya har da tari. Ina jin don ta ga ƙarshen abin ne ta yarda.

Damina ta ja baya, gero ya fara sunkuyar da kai. Mu maza muka yi ta jido jar ƙasa da tsakuwa a amalanke, 'yan mata suna ɗebo ruwa. Tukwanen makuba suka jeru a gindin gawo, warinsu mai ɗaci-ɗaci ya cika lakwal, har yau in na tuna sai in ji shi a maƙogwarona. Ranar farawa mata suka jeru a durƙushe, kowace da madaɓinta na itace, a ƙarshen layi kuma ga direktanmu ya naɗe wando, ko a durƙushe ya fi wasunsu tsawo a tsaye. Mazan gari suka ɗauko tabarmi suka zo kallo. Wani ya ce a nemo masa zane, wani ya ce saura lalle. Bai ko waiwaya ba.

Daɓe da waƙa yake tafiya, madaɓai su tashi tare su sauka tare. Shi kuwa nasa kullum sai ya sauka shi kaɗai bayan na kowa. Nan take kakata ta saka shi cikin waƙar, tana tambayar wace uwa ce ta aiko musu amarya mai gemu wadda ba ta iya aiki ba, mata suna amshi suna shewa. Kafin azahar ya kama kiɗan. Kwanaki aka yi ana bugu, ana yayyafa makuba, ana sake bugu. Tafin hannunsa ya yi bororo ya fashe. Da yamma nakan gan shi yana jan ƙafar nan ta hagu zuwa masallaci, amma gari na wayewa shi ne farkon durƙusawa. Tun ana dariya har aka daina, mazan suka naɗe tabarminsu, wasu ma suka koma jan ruwa.

Da daɓen ya bushe aka kafa azarar giginya, aka buga mata ƙyauren wata tsohuwar ƙofa, maƙeri ya lanƙwasa zoben ƙarfe. Ranar ce muka ga ko wane ne direktanmu. Mutumin da ke ɗingishi ya koma wani abu dabam, ƙwallon tana bin hannunsa kamar ya ɗaure ta da zare. Ya ja baya can nesa ya cilla, ta wuce ta cikin zoben ba ta taɓa ƙarfe ba. Kakata ta taɓe baki ta ce ita ba ta ga amfanin kwandon da abin da ka zuba yake zubewa ta ƙasa ba. Duk da haka kullum da yamma tana bakin filin da sandarta, tana korar awaki da masu takalmin ƙarfe. In na jefa ta shiga sai ta yi guɗa ta ce mijinta ne ya ci.

Aka gama girbi, aka ɗaure dammuna, kawuna ya iso. An ƙulle kayana tun da safe. Babana ya kai ni ɗakin kakata don ta sa mini albarka. Ta saurare shi tana tsince wake, ba ta ɗago ba.

"Ni na karya bayana a filin can," ta ce. "Ɗan mutane ya durƙusa cikin mata da gurguwar ƙafa, gari yana yi masa dariya. Yanzu jikokin wasu ne za su taka daɓena, nawa yana can yana auna gishiri? A kwance kayan nan."

Babana ya ce, "To, Inna." Kawuna ya koma shi kaɗai da tsarabar wake.

Bayan shekaru, ina koyarwa a kolej, na ziyarci direkta na tambaye shi ko da gangan ya bi ta wajen tsohuwa. Ya yi dariya ya ce shi wurin buga ƙwallo kawai yake nema. Ban yarda ba, har yau ban yarda ba. Na so mutumin nan, kuma ban taɓa faɗa masa da bakina ba.

Bara Allah ya yi masa rasuwa a Damagaram. Daga wajen gaisuwa na biya ƙauye. Lakwal ta samu azuzuwan bulo, amma filin ya tsattsage, yashi ya cinye rabinsa. Yanzu kowane ɗaki siminti ne, matan ƙannena ba wadda ta taɓa riƙe madaɓi, da na ce makuba sai da 'ya'yansu suka tambaye ni ko abinci ce. Mahaifiyata ce, wadda take ƙaramar mace a layin wancan lokaci, ta lalubo madaɓai a bayan rumbu, gara ta ɗan taɓa su. Ta tattaro tsofaffin da suka rage, ta ce tun da marigayi ya durƙusa a layinsu, dole a durƙusa a filinsa. Muka jiƙa makuba. Da suka jeru sai ta dubi ƙarshen layin, inda ba kowa, ta ce, "To wa zai riƙe madaɓin gidansa?"

Na naɗe wandona na durƙusa. Madaɓina ya sauka shi kaɗai bayan na kowa, tsofaffin suka fashe da dariya, wasu suna yi suna share ido da bakin mayafi.