Muntaka da Gurbi na Takwas

Na san Muntaka tun shekarar 1975, watan da na sauka Jidda na kama aikin akawu a wani kamfanin dakon kaya kusa da tashar jiragen ruwa. Sa'ana ne, ko ya girme ni da shekara guda. A Jidda aka haife shi, gidansu na unguwar Kurayyat, kakansa ne ya taso daga ƙasar Katagum da ƙafa, ya yi shekara shida a hanya, ya yi aikin hajji, bai koma ba. Muntaka na jin Hausa sarai, amma in zance ya yi zafi sai Larabci ya ƙwace masa baki.

Kamfaninmu na da filin tanis guda biyu a bayan gidajen ma'aikata, kuma Muntaka ne mai kula da su. Shi ke yayyafa ruwa, ya ja abin daddale ƙasa, ya ja layi da farar ƙasa, ya ɗaure raga. In zaren raket ya tsinke, shi ke sake shi da hannu.

Ni kuwa da tanis ɗina na zo. A makarantar mishan na koya, wurin wani malami Bature da ba ya barin mu taɓa ƙwallo sai mun yi sati biyu muna koyon riƙon raket. Ina da farin wando, farar riga, farin takalmi. Na san doka, na san yadda ake ajiye ƙafa. Saboda kyan rubutuna aka damƙa mini tsani, wato wani allon katako mai ƙusoshi ashirin da huɗu, kowace ƙusa da sunan ɗan wasa a rataye, gwani a sama. Turawan kamfanin sun ga a jarida yadda ake jera manyan 'yan wasan duniya, a ƙarshen shekara takwas na sama su kara da juna, sai suka ce mu ma haka za mu yi. Ni na rubuta dokokin, guda tara. Ta huɗu ta ce na ƙasa na iya ƙalubalantar wanda ke samansa, in kwana goma suka cika bai fito ba, su yi musayar ƙusa. Ta bakwai ta ce in ɗaya daga cikin takwas ya kasa ci gaba da gasa, na tara ya maye gurbinsa.

Wata la'asar abokin wasan wani injiniya bai zo ba, sai ya miƙa wa Muntaka raket don ya riƙa mayar masa da ƙwallo. Ina zaune a benci. Muntaka ya riƙe raket kamar mai riƙe da muciya, ƙafafunsa a ware, babu abu ɗaya da yake yi daidai. Amma ƙwallon na komawa. Duk inda injiniyan ya aika ta, sai ta dawo masa ƙasa-ƙasa, tana tsalle a gefen layi. Cikin minti arba'in Muntaka ya cinye shi. Injiniyan ya yi ta dariya, ya zo ya ce in rataye sunan Muntaka a ƙusar ƙarshe. Na rubuta, kuma ina tuna cewa ban kyautata rubutun ba.

Ya hau a hankali, don ba kowa ke amsa masa da daɗin rai ba. Ni na yi shekara biyu ina kai da komo tsakanin na goma da na takwas. A watan Oktoban 1977 ya iso kaina, ya cinye ni shida da biyu, shida da ɗaya, ya koma na takwas, na sauko na tara. Da muka gaisa a bakin raga ya ce, "Ya Ustaz Musbahu, wallahi bugunka da kyau. Kamar a hoto. Ƙwallon ce dai ba ta yi makaranta ba."

Na yi dariya tare da kowa. A gida kuwa na kasa cin tuwo. Abin da ya fi ci mini rai shi ne bai ma yi gumi ba.

Akwai abin da ni kaɗai na sani a cikin masu wasan, don ni kaɗai ke jin Hausa. Duk shekara, in watan Zulhajji ya kama, Muntaka na tafiya Makka tare da 'yan'uwansa su yi aikin da suka gada: ɗaukar tsofaffi da marasa lafiya a kan gadon katako, mutum huɗu a gado ɗaya, su yi ɗawafi da su. Daga nan ya samu waɗannan kafaɗun. Yakan yi kwana ashirin. A shekarar nan Zulhajji ya faɗo tsakiyar Nuwamba, tsani kuma ranar talatin ga Nuwamba ake rufe shi.

Ya tafi ranar sha biyu. Ranar sha uku, ƙarfe bakwai da kwata na safe, na manna takardar ƙalubalena a jikin allo, da kwanan wata, da sa hannuna. Ranar ashirin da uku na sa fararen kayana, na tsaya a fili minti goma sha biyar cif a gaban shaidu biyu, sannan na je na sauya ƙusoshin. Ban karya doka ko ɗaya ba. Na sha faɗa wa kaina haka.

Ya dawo biyu ga Disamba, ya rame, kafaɗarsa ta dama ta saɓule. Na same shi tsaye gaban allon. Bai iya karatun boko ba, amma ya san siffar sunansa, kuma ya iya ƙirga ƙusa.

"Ustaz, ƙusata ta sauka da kanta ne?"

Na karanta masa doka ta huɗu, kalma bayan kalma.

"Yaushe ka manna takardar?"

"Sha uku ga wata."

"Ni kuma na tafi sha biyu." Ya dube ni har sai da na kau da kai. "Mashallah. Ashe akwai bugun da ka fi ni. Ɗayyib, halas, magana ta ƙare."

Matarsa Luba ba ta ce halas ba. Ta aiko wa matata cewa ta gaya wa Ustaz ya ci tuwo da kyau, don za a zo kallo.

An yi gasar Laraba, Alhamis da Juma'a, kowa wasa uku a rukuninsa. Muntaka ya gyara filin fiye da yadda ya taɓa gyara shi, sannan ya zauna a ƙarshen benci da raket ɗin aro a kan cinya, don shi ne na tara. Ranar Laraba aka cinye ni shida da ɗaya, shida da babu. Ranar Alhamis na haɗu da Hamad, wani ɗan Jidda mai aiki a sashen kwastan na kamfaninmu, dogo mai zafin bugu. Ba mu yi nisa da farawa ba na bi wata ƙwallo zuwa kusurwa, ƙafata ta hagu ta gurɗe, na ji ƙas. Kafin in cire takalmi idon sawun ya kumbura ya yi kamar gwanda.

Hamad ya ce, "Halas ya Ustaz, ka huta, Muntaka ya shiga." Turawan ma suka ce haka. Na ga Muntaka ya miƙe, ya fara juya kafaɗarsa. Na ga 'yan Kurayyat da suka jeru a bayan shingen waya sun fara murmushi. Na san in ya shiga zai cinye Hamad, gobe ma ya ci, kuma kowa zai lissafa abin da na yi.

Na ce zan ci gaba.

Muntaka ya ajiye raket, ya zo ya durƙusa, ya kama ƙafar yana latsawa. Ya ce da Hausa, don kada kowa ya ji, "Wannan ba targaɗe ba ne, ɗan'uwa. Ƙashi ne. Na ɗauki masu irinsa da yawa."

"Ɗaure mini."

"Har haka?"

"Ɗaure mini, na ce."

Ya yage rawaninsa gida biyu ya ɗaure, ɗauri mai kyau, irin na wanda ya saba. Na ƙarasa wasan a tsaye wuri ɗaya, Hamad na jin kunyar bugawa da ƙarfi. Ranar Juma'a ma na fito, na tsaya, aka cinye ni cikin minti ashirin da biyar. Babu wanda ya tafa, babu wanda ya yi dariya. Muntaka na zaune a benci har aka gama, sannan ya tashi ya kwance raga.

Da sabuwar shekara aka kawo sabon manaja, ya ce tsani na ma'aikatan ofis ne kawai. Ni aka sa na cire sunan Muntaka, alhali ya sake hawa har ya kai na shida. Bai sake shiga jerin kowa ba. Ya ci gaba da kula da filayen har kamfanin ya rushe su a 1991 ya gina sito, daga nan ya koma gyaran raket a wani ɗan shago a unguwar Sa'alaba. Mutane da yawa da suka yi tanis a Jidda a hannunsa suka fara, kuma duk riƙonsu ba daidai ba ne, kuma suna ci.

Mun ci gaba da gaisawa, mun halarci sunan 'ya'yan juna. Bai taɓa tayar da zancen ba. Ni na tayar, sau ɗaya, a 2006, muna shan shayi a ƙofar shagonsa bayan la'asar. Na tambaye shi ko yana ganin da ya ci kofin gasar a waccan shekarar.

Ya ce, "Da wannan kafaɗar? Allahu a'alam. Amma Hamad kam, da na cinye shi." Ya dubi sandata. "Kai fa, ƙafar?"

Na ce tana nan, in sanyi ya shigo takan tashe ni.

Ya rasu a 2009. Ni ne na buga gasar 'yan takwas ta 1977, wasa uku, ban ci ko ɗaya ba, kuma har yau in 'yan Kurayyat na zancen tanis, Muntaka suke cewa ya kai na takwas a shekarar.