Abin da Ke Bayan Tukunyar Fulawa

Shekarar da aka tura maigidana aikin soja a Sudan, doka ɗaya ya bar mini a bakin mota: kada in ɗora masa yara a kan babur ɗin kabu-kabu. Na ce to. Wata huɗu ina kiyayewa, har ranar da aka aiko mahaifiyata ba lafiya a Ribah, motar kasuwa kuma ta riga ta tashi. Na goya ƙaramar, na sa babban tsakanina da mai babur. Lafiya lau muka isa. Wurin sauka ne ƙaurin yaron ya taɓa salansa, bututun hayaƙin nan mai zafi, fata ta saluɓe.

Ciwon bai gama warkewa ba sai ga wasiƙa ta hannun wani soja da ya zo hutu. Maigida yana son hoton ɗansa cikin gajeren wandon da ya aiko masa, daga kai har ƙafa, don ya ga tsawon da ya yi. Na karanta na sake karantawa, ina neman alamar ko wani ya riga ya kai masa rahoto.

A Zuru akwai mai hoton da duk matan sojoji ke zuwa wurinsa, a bakin kasuwa. Mutumin yana da ilmin kansa.

"Madam, soja ba ya son yaro yana dariya a hoto," in ji shi. "Da ya gani sai ya ce an manta da shi."

Saboda haka yakan ba yaro alewa, ya bari ya lasa sau ɗaya, ya fizge, sannan ya ɗauka. Yaro kuma ƙofa zai kalla, wai yana jiran babansa. Uwa ba ta fitowa, sai hannunta a kafaɗar yaro. "In kin yi ƙiba, magana ce. In kin rame, magana ce. Hannu ba ya jawo magana."

Na nuna masa ƙunar. Ko sunkuyawa bai yi ba. Da ƙafa ya jawo wata tukunyar fulawar roba, ja da fari, ya tsayar da ita gaban ƙaurin.

"Mai hoto, wannan ba ƙarya ba ce?"

"Kamara ba ta ƙarya, Madam. Abin da ke gabanta take ɗauka. Fulawa ce a gabanta."

Amsar ba ta kwantar mini da hankali ba. Bayan taron zumuntar mata na tare matar fasto, na ce, "Mama, in mutum bai faɗi ƙarya ba, amma ya ajiye fulawa a gaban gaskiya fa?" Ta dube ni ta ce, "Ja da fari?" Na ce e. Ɗanta ma soja ne. Sai ta tuna ta bar wake a wuta.

Hoton ya fito da kyau. Ido cike da hawaye, leɓe ya turo, yana kallon nesa. Ni da na san alewa yake wa kuka, sai da na share nawa hawayen. Na aika.

Bayan makonni aka ce in je wurin mai waya a ƙarƙashin lema, maigida zai kira. Mutane suna layi a bayana.

"Maman yara, me ke bayan tukunyar?"

Na ce wace tukunya, sannan na tuba a zuciyata nan take.

"Mu biyar ne 'yan Zuru a nan da hoton wannan tukunyar. Na wani ɗori ne a bayanta. Na wani, takalmin da ya aiko ne matarsa ta ba ɗan ƙanenta. Har jera su muke yi muna cacar baki. Naki mene ne?"

Na faɗa masa duka, tun daga tashin motar kasuwa har launin babur ɗin. Wata mata a layi ta ce, "Wayyo, salansa!"

Maigida ya ce, "Yana tafiya?"

"Har gudu."

"Aiko mini hoton ƙafar. Zancen babur kuma sai na dawo."

Na koma wurin mai hoto, na ce ƙafa kawai nake so. Ransa ya ɓaci. "Ba fuska? To ina tausayin zai fito?" Ni kuwa tsorona kada a ce na sake rage wani abu. Na ce ya matso. Ya matso. Na ce ya ƙara. Da aka wanke, babu gwiwa babu diddige, ƙuna ce kawai daga gefe zuwa gefe. Na ga wannan karon ban ɓoye kome ba, na aika.

Wata bakwai ina juya "sai na dawo" a raina. Na shirya amsoshi, na zubar, na sake shiryawa.

Ranar da ya iso, ko jaka bai ajiye ba ya durƙusa ya kama ƙafar yaron. Ya juya ta, ya kama ɗayar ya duba, ya dawo kan ta farko. Tabon bai fi bakin cokali ba.

"Wannan ne? Wannan ne na kai wa likitanmu hotonsa, ya ce a yi addu'a kada a yanke? Wata nawa ba na cin abinci!"

Ya miƙe da kakinsa ya nufi bakin kasuwa, yana tambayar makwabta ina shagon mai hoton nan yake. Na ɗaura zane na bi shi da gudu, don a gaskiya ni ce na ce a matso, kuma ba daidai ba ne a mari mutum a kan maganata.