Telar da Aka Ce Ta Yi Kuka

Tela ce mai shago a bakin kasuwa. Ciwon daji ya raba ta da nono ɗaya, ta warke, ta koma kan kekenta. Ƙanwar mijinta, wadda ko sau ɗaya ba ta leƙa ta a asibiti ba, ita ta kai ta wata firamare, taron neman taimako ga masu ciwon daji.

A ƙofar aji ta raɗa mata, "Yaya, ki ɗan yi kuka, iyayen yaran sun fi bayarwa."

Telar ta watsa mata harara. "Lokacin da nake kukan kina ina?"

Ta shiga idonta a bushe, ta gaya wa yaran cutar ba ta yaɗuwa, kuma ana warkewa. Da aka tashi ta kama hanyarta. Har yau ko gaisuwa ba ta haɗa su.