Jan Maɓallin da Na Gani

Ni mai gyaran rediyo da fanka ne a unguwar Maamobi, kuma ba na jin kunyar faɗa. Shekarar da babbar 'yata ta shiga koyon zane, malamanta suka ce sai da kwamfuta. Ƙannenta maza biyu kuwa ƙwallon kwamfuta ya tafi da hankalinsu, kullum suna shagon wasa na bakin titi. Na ce to, guda ɗaya za a haɗa a gida, da hannuna, kowa ya samu nasa a ciki.

A gidanmu ba a barin mutum ɗaya da babban abu. Yadda ake kai gudummawar suna, haka aka yi wa kwamfutar nan, kowa ya ɗauki abin da zai kawo. Ni kuwa na san inda hatsarin yake, don haka na rubuta wa kowa takarda. Firosesa, wato ƙwaƙwalwar, sai ta dace da gurbinta a kan babban allon da ake dasa kayan ciki, in ba haka ba ko ka yi kuka ba za ta zauna ba. Ram ma, wato ma'ajiyar aikin da ake kan yi, akwai tsohon yayi akwai sabo, tsagar gindinsu ba wuri ɗaya take ba. Sati uku ina hawan trotro, bas ɗin haya, tsakanin unguwannin Tudu da Adabraka, da tef ɗin awon matata a aljihu, domin katin wasan da yayarmu mai atamfa a kasuwar Makola ta saya, wato mai fito da hoton ƙwallon, dogo ne, ba kowane akwatin kwamfuta zai shiga ba. Masu shago suna yi min dariya, ni ina awona. Na ƙarshe shi ne akwatin wuta, mai raba lantarki ga sauran kayan. Na zaɓo wanda zai iya ɗaukar nauyin katin.

Ana cikin haka ƙanina ya sauka daga Amurka. Borga guda, kamar yadda muke kiran wanda ya dawo daga waje, da ganguna biyu na tsaraba da turaren da ke riga shi shiga ɗaki. Da ya ji labari sai ya zaro wani akwatin wuta da ya cire daga tsohuwar kwamfutarsa ta can. Ya ɗaga nawa da yatsu biyu kamar mataccen ɓera.

"Yaya, wannan na Tudu ajiye wa fankokinka," in ji shi. "Aikin nan ya fi ƙarfin masu dalma. Ka zauna ka huta, ka gani."

A gaban matata ya faɗa, a gaban 'yan hayar gidanmu. Yarana suka kwashe da dariya, autana har da riƙe ciki. Yaron da na goya zuwa makarantar allo, wanda na wanke wa kashi, shi ya mai da ni abin dariyar 'ya'yana. Na buɗe baki zan yi magana, mahaifiyarmu ta tare ni.

"Ba a mai da tsaraba," in ji Mma. "Kai ne babba. Bar ƙaninka ya sa hannu."

Na bar shi. Amma wallahi ban yafe ba.

Ranar Lahadi bayan azahar aka fito da tebur tsakar gida, 'yan haya suka jawo benci. Ya ɗauki takardata yana bi layi-layi, ko na gode babu. Gaskiya ɗaya ce, hannunsa da tsabta, bai lanƙwasa ko ƙafa ɗaya ta firosesa ba, wannan ya ƙara min haushi. Yarana sun kewaye shi, "Baba ƙarami" nan, "Baba ƙarami" can, ni ina gefe a kujerar roba.

Da ya juya kwamfutar zai ɗaure ƙusa, sai na hango shi: ɗan jan maɓalli a bayan akwatin wutarsa, yana kan 115. Wutar Amurka rabin tamu ce. Duk gidan da ake aiko wa ganga daga nan har Nima sun taɓa ƙona dutsen guga ko injin markaɗe, kuma a shagona ake jibge gawar. Da farce ɗaya ake tura maɓallin ya koma 230. Shi ya daɗe a can, ya manta.

Ba zan yi wa kaina ƙarya ba, na san abin da zai biyo baya. Galibi akwatin wutar kaɗai ke mutuwa, wani lokaci kuma ya ja wani abu su tafi tare. Duka biyun na sani. Na dubi 'yata, na dubi autana da ke rataye a kafaɗarsa, na ce wa matata ta ba ni ruwa. Na sha a hankali.

"Yaya, miƙo min wayar wuta," in ji shi, ko waiwaye bai yi ba.

Na miƙa masa da hannu biyu. Na ce, "Bismilla."

Yana jonawa ƙara ta tashi kamar an fasa taya, hayaƙi ya biyo, da warin nan da na fi kowa sani. Mma ta hau salati, 'yan haya suka kifar da benci. Ƙanina ya fara zagin masu wuta, wai wutar ƙasar nan ba ta da tarbiyya. Sai na miƙe ba gaggawa, na juya akwatin yadda kowa zai gani, na ɗora yatsa a kan maɓallin.

"Ƙanina, a can ba a koya muku karanta lamba?"

Ya duba, ya sake dubawa, gumi ya keto masa. Na ji daɗi, kuma ba ɗan kaɗan ba. Har cikin ƙashina na ji shi.

Na ɗauko nawa na Tudu na ɗaura. Fanka ta juya, amma allon kallo baƙi ƙirin. Na zare katin wasa, na mai da wayar hoto kan babban allon ciki, hoto ya fito. Katin ne ya tafi. 'Yata ta samu abin yin zanenta, ƙwallo kuwa babu. Autana ya zauna a ƙasa yana kuka, yayarmu ta ɗauki gyalenta ta fice ba sallama.

Ranar da zai koma, ƙanina ya same ni a shago ni kaɗai, murya ƙasa-ƙasa, ya ce zai aiko da wani katin. Na ce ya bar shi, gidan ya ƙoshi da tsarabarsa.

Yanzu duk Lahadi yana kiran Mma ta bidiyo. Yaran ba sa son zuwa, a wurinsu shi ne wanda ya ƙona musu ƙwallo. Ni ne ma nake ɗaga murya yadda zai ji, ina cewa, "Ku zo ku gaida babanku mana, ai kuskure ne." Su zo suna jan ƙafa, su ce "ina wuni" su gudu. Ina kallon fuskarsa a wayar tana faɗuwa. Yakan ce, "Na gode, Yaya." Ni kuma in ce ba komai.