Halimatu Sadiya, Mai Share Gefen Sunaye

Kullum kafin rana ta yi zafi, Halimatu Sadiya tana ɗan ɗakin bayan asibitin unguwarmu a Gadarif, kofin gahawar da ake kira jabana a gefe, ido a kan kwamfuta. Shekara goma sha bakwai ke nan, kuma masu zuwa ganin likita ba su ma san da ita ba. Ita ke rubuta wa na'urar umarni da harshen da suke kira C. Ƙarshen watan nan take ajiye aiki, shi ya sa ya zama dole a faɗi abin da ta yi.

Da ta zo, ta iske matsala. In mai rajista ya bar fili, wato 'yar tazarar da babu harafi, a gaban suna ko a bayansa, sai na'ura ta ce ba ta san mutumin ba, a buɗe masa sabon kati, tsohon ya kwanta da duk abin da likita ya rubuta a ciki. An taɓa yin maganin wannan a layin umarni ɗaya mai sarƙaƙiya, wanda ba mai iya karantawa. In aka bar gurbin suna babu komai, sai layin ya yi ta ci da baya har na'ura ta ƙame.

Ta zauna ta sake rubuta shi. A fara duba ko akwai sunan. A auna tsawonsa. A share filin gaba, a share na baya, a tsaya daidai inda harafi yake, kada a wuce wurin da aka ware. Kowane mataki ta ba shi suna da bayaninsa.

Elnour mai rajista ya leƙo ya ce, “Ustaza, kwana uku a kan fili? Na gabanki layi ɗaya ya yi.”

Ta ce, “Layi ɗayan ne ya tsayar da kai ranar Litinin. Zauna in karanta maka. Inda ba ka gane ba, ni na yi kuskure.”

Sau biyu ya ce bai gane ba, sau biyu ta gyara. Ba ta miƙa ba sai da ta gwada da gurbi wayam, da fili zalla, da sunan da ya haɗa har kakan kaka.

Bara, lokacin yankan riɗi, aka kawo wata mata, Larai, daga gonakin yankin Simsim, zazzaɓi ya hana ta magana. Elnour ya buga sunanta a gurguje, da fili gaba da baya. Duk da haka tsohon katinta ya fito, da gargaɗin cewa wata allura ta taɓa kumbura mata maƙogwaro. Allurar tana hannun likita. Da ya ga gargaɗin, ya mayar da ita mazauninta.

Ke ce, Halimatu, mai aikin da ba a gani sai ranar da babu shi. Ba ki rubuta don a ce kin iya ba, kin rubuta don na bayanki ya gane. Mun gode, Allah Ya saka da alheri. Ku kuma masu gaggawar gamawa, ku je ku karanta nata kafin ku miƙa naku.

Jiya Larai ta dawo awo da ƙafarta. Ta iske ki a bakin ƙofa, ba ta san ko ke wace ce ba, ta ce, “Hajja, ɗan matsa mini.”

Kika matsa mata, ta wuce.