Malama Kar-a-rufe

Haihuwa da Tasowa

An haife ta a shekarar 1951, a wani ɗan gida da ke bayan tashar jirgin ƙasa. Mahaifinta mai gyaran agogo ne, mahaifiyarta kuma tela. Ta tashi a hannun kakarta ta wajen uba, tsohuwa mai barkwanci wadda ba ta kiranta da komai sai "ƙawata". A shekarar 1961 tsohuwar ta fara ɓata a hanyar da ta tsufa tana bi, har wata rana ta tambayi ɗanta na cikinta ko shi wane ne. Mutanen gida, bisa kyakkyawar niyya da ƙarancin sani, suka sa wa ɗakinta kwaɗo ta waje, kuma a cikinsa ta cika. Yarinyar ce ke miƙa mata abinci ta taga, kuma wannan baƙin ciki bai taɓa barin zuciyarta ba.

Karatu

A shekarar 1971 ta shiga jami'a domin karanta ilimin halayyar ɗan Adam. Mahaifinta ya ce, "Wato duba za ki koyo? To faɗa mini abin da ke raina." Ta ce, "Abincin rana ne, Baba, wannan ba sai an je jami'a ba."

Ta tarar da fanni mai rassa fiye da zatonta. Ta karanci sassan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, da yadda jariri ke koyon magana, da dalilin da ke sa mutum ya aikata a cikin taro abin da zai ji kunyarsa in shi kaɗai ne. Ta yi darussan cututtukan tunani da dabarun sauraro, ta kuma sha wuya a hannun ƙididdiga, wadda ta kusa sa ta tattara kayanta. A shekarar ƙarshe, a wani ɗan darasi kan tsufa da ɗalibai ke gudu, ta ji cewa larurar kakarta tana da suna, kuma kulle ƙara ta yake yi. Ranar ta yi kuka a cikin aji.

Aiki da Aure

Ta fara koyarwa a sashen da ta yi karatu a 1977, ta auri wani malamin kafinta na makarantar sana'a a 1978. Kusan babu darasin sashen da bai bi ta hannunta ba. Ƙofar ofishinta kullum a tokare take da bulo, wanda duk ya juya zai ja ta sai ya ji, "Kar a rufe," har ɗalibai suka mayar da shi sunanta. A 1994, da kwamitin manhaja ya nemi soke darasin tsufa, ta miƙe ta ce, "Duk mu da ke ɗakin nan mun gama yarinta, amma babu wanda ya gama tsufa." Aka bar shi, ita kuma ta ɗauki nauyinsa har ta yi ritaya a 2016.

Shekarun Ƙarshe

A 2018, 'yar mai gyaran agogo ta dubi agogon bango ta kasa karanta hannayensa. Ta san abin da ta gani, domin shekara da shekaru tana koyar da shi. Ta tara iyalinta ta ce, "Abin Kaka ya iso. In na ce yau Litinin ce, kar ku yi mini gardama. Roƙona ɗaya ne, kar a rufe ni."

Alƙawarin ya zo da wuya. Bayan ta ɓata sau biyu, dangi suka matsa, har babban ɗanta ya sayo kwaɗo don tsoron kada mota ta kaɗe ta. Washegari maigidanta ya ɗauko kayan aikinsa, ya cire ƙofar ɗakinta ɗungurungum, ya rataya labule. Daga nan 'ya'ya da jikoki suka riƙa karɓa-karɓa wajen bin ta a baya duk inda ta nufa. Kowace safiya takan shirya, ta tsaya a falo ta ba da lacca, su kuma su zauna su saurara. Babban ɗan nan ya sha faɗa saboda makara, tana tambayarsa ko shi ɗan wane gida ne.

Rasuwa

Allah Ya yi mata rasuwa a 2023, aka yi jana'izarta a ranar, tsoffin ɗalibanta cike da layin gidan. Ta bar maigidanta da 'ya'ya huɗu: injiniya, da ma'aikaciyar jinya, da ɗan kasuwa, da auta wadda ke koyar da darasin tsufa a yau. Bayan kwana biyu babban ɗan ya tambaya ko a mayar da ƙofar. Tsohon kafintan ya ce, "Bar ta a jingine. Ba ta ce a rufe ba."