Kunun Sha'ir a Ma'adi

Wata biyu bayan na yi ɓari na soma aiki a Ma'adi, wata unguwa a babban birnin Masar. Cikin yana wata bakwai, namiji ne, an binne shi ina kwance a asibiti. Da na dawo ɗakinmu a Giza ban yi kuka ba, ban kuma yi wani abu ba. Maigidana yana fita karatu da safe, ya dawo ya same ni inda ya bar ni, ruwan wanke-wanke ya yi sanyi a roba.

Maƙwabciyarmu, wata Bahaushiyar Sudan da ke aikatau a unguwar Mohandessin, ita ta gaji da kallona. Ta shigo wata ranar Juma'a ta tsaya a kaina.

"Ƙanwata, khalas, ya isa haka. Zaman nan ba ibada ba ne. Akwai wata tsohuwa a Ma'adi, ana neman mai zama da ita. Ba wanki, ba guga. Ki dafa mata, ki ji surutunta."

Maigidana ya ce in ina so in je. Ban san ko ina so ba. Na je.

Baturiyar Ingila ce, ta haura tamanin. Ta koyar da harsuna a wata makarantar 'ya'yan baƙi har ta yi ritaya, mijinta Bamisire ya rasu tuntuni, ɗanta ɗaya yana can ƙasarsu. Ina ce mata Madam, tana ce mini binti, wato 'yata. Muna magana da Larabcin Masar da ɗan Turancin da na yi a sakandare, inda ɗaya ya ƙare ɗaya ya ɗauka.

Matsalarta abinci. Ta daina ci. In dafa shinkafa ta ture, in yi miyar ganye ta kalli bango. Ni ma a lokacin ba ci nake ba, saboda haka ban matsa mata ba. Mukan zauna a baranda, faranti a tsakaninmu, ƙudaje suna yi mana hidima.

Wata rana na kawo mata dankali da shayi, ta ce, "Kin san kakanninmu na farko ba su taɓa ganin wannan ba? Ba dankali, ba tumatir, ba sukari, ba shayi."

"Turawa ba shayi, Madam?"

"Ko ƙamshinsa."

Sai ta shiga lissafa mini abin da suke ci a wancan tsibiri kafin a san rubutu a can: sha'ir da alkama da suke niƙa a dutse, 'ya'yan itacen daji irin bunduƙ ɗin nan mai kama da gyaɗa da ake sayarwa a nan da azumi, naman barewa, kifi, madara, zuma in an dace, da wasu halittu masu ƙwanso da suke tsinta a bakin teku. Ta ce tsakuwar dutsen niƙa takan shiga garin, ta cinye musu haƙora. Na tuna kakata a Zariya, durƙushe a kan nata dutsen.

Washegari na tsaya a shagon hatsi kusa da tashar jirgin ƙasa na metro na sayi sha'ir. Na jiƙa, na markaɗa, na tace, na dama kamar yadda ake dama kunu a gida, na sa zuma. Ta sha cokali huɗu. Ta tambayi sunansa, na ce kunu. Ta sa na maimaita, ta rubuta a wani littafi mai baƙin bango da ke gefen kujerarta.

Daga nan kullum sai kunu da kalmomi. Ta ce harshensu tukunyar gayya ce, kowa ya zuba nasa. Rumawa sun zo sun bar kaɗan, wasu ƙabilu daga wajen Jamus suka kawo gangar jikin harshen, mayaƙan ruwa daga arewa suka ƙara, sannan masu jin Faransanci suka ci ƙasar suka hau mulki. Shi ya sa, in ji ta, saniya tana da suna ɗaya a makiyaya, namanta kuma yana da wani sunan a faranti. Talakan da ke kiwo ya riƙe nasa, mai mulkin da ke ci ya sa nasa.

Sai ta juyo kaina, tana bin asalin kalmominmu. Albasa? Na ce ai ta Larabawa ce. Tebur? Ta yi dariya, ta ce wannan nasu ne, su ma aro suka yi. Gero, dawa, tuwo? Ta juya su a baki, ta ce ba ta san kowa da su ba, namu ne. Ina ba ta amsa kamar mai cike takarda a ofis. Ba ya yi mini daɗi, ba ya kuma damuna, amma yana cinye wuni.

A wata na uku ta tambaye ni ko ina da yara. Na gaya mata zancen ɓarin. Na faɗe shi da murya ɗaya da wadda nake faɗa mata sunan hatsi. Ta daɗe tana kallon bishiyar da ke gaban baranda.

"Mu muna da sunan matar da mijinta ya mutu, da na yaron da iyayensa suka mutu," ta ce. "Duk da aron da muka yi, ban san muna da na uwar da ɗanta ya mutu ba. Ku fa?"

Na yi tunani. "Akwai mai wabi. Amma sai 'ya'yan sun yi ta mutuwa, ɗaya bayan ɗaya."

"Ke fa?"

"Ni ɗaya ne kawai, Madam."

Ta buɗe littafin, ta riƙe biro, ta rufe ba ta rubuta ba. "Ma'alish, binti," ta ce, wato in yi haƙuri. Na kwashe kwanuka na kai kicin. Na tsaya a gaban famfo ina jiran wani abu ya taso mini. Ruwa ya cika kofi ya zube. Na wanke, na kife.

Da sanyi ya shigo ta faɗi a banɗaki, ƙugunta ya tsage. Ɗanta ya zo, dogo mai sauri, kullum waya a kunne. Ya yi mini godiya da ladabi, ya ce zai tafi da ita inda za a kula da ita. A ranar ƙarshe na shirya mata akwati, na naɗe rigunan sanyi, na sa magunguna a aljihun gefe. Tana cikin keken guragu, ba ta magana sosai saboda allurar ciwo. Mai gadin gidan da direban tasi suka ɗaga ta suka sa a mota. Ta ɗaga mini hannu ta gilashi, ko kuma tana gyara mayafinta ne, ban tabbata ba.

Na miƙa wa mai gadi makulli, na hau metro, na sauya jirgi a tsakiyar gari. A taragon mata wata ta matsa mini na zauna. Na isa gida kafin la'asar. Maigidana ya dawo ya same ni ina yanka kuɓewa.

"Sun tafi?"

"Sun tafi."

"Za ki nemi wani aikin?"

Na ce zan gani. Ya ɗauki buta ya fita alwala, ni kuma na ɗora tukunya.